Abin da Ya Toshe Fankar Batir

Motar ta hannu ce, irin mai haɗa fetur da lantarki, kuma tun da wani tela ya saye ta ba ta taɓa ba shi kunya ba sai bayan rasuwar matarsa. Jar alama ta kunno a gaban sitiyari, inji ya dinga gurnani ko a tsaye ake. 'Yar gada ma sai ta hau da kyar kamar mai roƙon a tura ta.

Bakaniken da ya kai wa ƙato ne mai surutu kamar rediyo. Ya jona na'urarsa, ya ƙura wa allon ido, ya ja tsaki.

"Baba, batirin nan gida-gida ne, ya kamata ƙarfin wutarsu ya zo kai ɗaya. To dubi nan. Na gefe lafiya lau, na tsakiya kuwa wannan ya hau, wancan ya faɗi, ba sa ga maciji da juna."

"To yaya za a yi, ɗana?"

"Sai na cire kujerar baya. Yana ƙarƙashinta."

Nan fa gizo ke saƙa. Tun da aka yi rasuwa tela bai bar kowa ya taɓa kujerar nan ba, ko wanki aka kai motar sai ya ce a wanke wajenta kawai. A kanta marigayiya take kwanciya duk ranar asibiti, kanta jingine da ƙofar dama, tana yi masa tsiya wai yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai. 'Ya'ya sun rabar da tufafinta, an yi wa ɗakinta fenti. Kujerar nan ce kaɗai ta rage masa yadda ta bar ta.

"Babu wata hanya?" in ji shi.

"Sai dai ka ajiye motar ta zama akurkin kaji."

"To a hankali. Kada a goge ta, kada a kakkaɓe."

Bakanike dai bai fahimta ba, amma ya yi biyayya. Ya ɗago kujerar a hankali, ya ɗora ta kan kwali mai tsabta, tela ya zauna kusa da ita yana gadi. Sai bakanike ya sa safar hannu ta roba, ya zare filogin da ke yanke wuta, ya bi wayoyi da notuna ɗaya bayan ɗaya. Babu tsatsa, babu wanda ya kwance. Ya ɗora bayan hannu kan murfin batir, ya janye da sauri.

"Kai! Zafi ne ke dafa shi. Akwai 'yar fanka a gefen ƙofar dama, ita ke ba shi iska."

Ya kwance ta, ya ɗago ta ga haske, ya bushe da dariya.

"Ikon Allah! Baba, kyanwa kuke ɗauka a mota ne? Gashi ne cunkus, ina iska za ta wuce?"

Tela ya taso ya leƙa. Gashi ne mai laushi, baƙi da furfura a cakuɗe, ya nannaɗe fukafukan fankar. Gashin marigayiya ne. Maganin asibitin nan ya zubar mata da gashi, kuma a gida ba ta taɓa bari ya ga ko sili ba, kunya take ji. A hanyar dawowa ne kawai, in zafin magani ya taso mata, take zame ɗankwali ta ce kada ya kuskura ya dubi madubi. Bai kuwa taɓa duba ba. Ashe duk wannan lokacin fanka na nan tana tattarawa.

Wayyo, kewarta ta taso masa. Ya ɗaga hannu, ya buɗe baki zai ce a ba shi gashin.

Shi kuwa bakanike hannu ya riga ya saba. Ya jawo tiyon iska kamar yadda yake yi kullum, ya juya baya, ya danna. Fuuu! Gashin ya tashi sama, ya watse ta ƙofar gareji, ya bi motocin da ke wucewa a titi.

"Shi ke nan, tas!" in ji shi, yana juya fankar da yatsa. "Batir zai sha iska, wuta ta daidaita. Ka auna arziki, Baba."

Tela bai ji shi ba. Ya riga ya durƙusa a ƙasan gareji da fararen kayansa, yana lalube cikin baƙin mai da ƙura, bakanike na tsaye a kansa yana tambaya ko makulli ne ya faɗi.