Ɗanyar Gora a Bakin Kogi

Mofizul tela ne a Dhaka, babban birnin Bangladesh, ɗaki ɗaya suke da matarsa Jobeda mai ciwon asma da 'yarsu Shiuli. Da annoba ta cika unguwa, suka rasa inda Jobeda za ta shaƙi iska ba fargaba. Kullum rediyo na faɗin adadin waɗanda suka kamu, amma a tsibirinsu na haihuwa ko mutum ɗaya babu. Sai suka ɗaure kaya.

Daga cikin kwalekwale Shiuli ta hango maƙabarta. Mutanen tsibirin da gora suke kewaye sabon kabari, ga kaburbura nan jere, gorarsu duk ɗanya shar.

Ta tambayi mai kwalekwalen, "Kawu, me ya kashe su?"

"Zazzaɓi ne, 'yar birni," in ji mai kwalekwalen, yana tari. "Cutarku ta masu takalmi ai ba ta iya ruwa ba."

"An gwada su?"

"Wa zai gwada? Mai gwajin bai taɓa tsallakowa ba."

Jobeda ta ja gyale ta rufe hanci. Kwalekwale ya taɓa gaɓa, dangi suka taho rungumarsu. Nan Shiuli ta gane ba cutar ce babu a tsibirin ba, mai ƙirgawa ne babu.