Kwana Tara Ina Mai Guguwa

Na taɓa mallakar kulob ɗin ƙwallo har na kwana tara, ban kuma biya ko kwabo ba. Sunana Sodangi, shadda nake sayarwa a kasuwar Sakkwato, a wata rumfa da ba ta wuce shimfiɗar tabarma biyu ba.

Shekarar Udoji ce, lokacin da gwamnatin soja ta ƙara wa ma'aikata albashi, kowane masinja ya wayi gari yana son shadda. Har ni ruwan ya taɓa. Na sayi sabon babur, na ɗan ajiye tumbi, na koyi tafiya a hankali don a samu damar ganin babbar rigata.

Kulob ɗin unguwarmu shi ne Guguwar Tudun Wada. Alhaji Yari ne ya kafa shi, shi ke sayen takalma, shi ke biyan 'yan wasa duk wata. Da tsufa ya kama shi sai zance ya bazu cewa zai sayar. Kullum da sabon mai saye a bakin mutane, yau ɗan kwangilar siminti daga Ikko, gobe wani kanar mai ritaya. Ana cikin haka tsohon ya aiko in kai masa shaddar ɗinkin salla. Mutum ne mai tsirfa, sau uku ina zuwa zaurensa yana cewa launin bai yi masa ba. Jama'a dai abin da suka gani shi ne babur ɗina a ƙofar gidan kwana uku a jere.

Rana ta huɗu Mode mai gyaran rediyo, wanda labari ba ya kwana a cikinsa, ya faɗo rumfata.

"Albishirinka, Sodangi."

"Goro," na ce, yadda kowa ke cewa. Na zaro fari guda na miƙa masa tun ban ji labarin ba.

Sai da ya gatsa sannan ya ce, "An ce kai na kas sayi Guguwa. Duk Tudun Wada ba a da wani zance sai wanga."

Maƙwabtan rumfa duk sun kasa kunne, kuma sun ga na ba da goron albishir. Abin da ya kamata shi ne in yi dariya in rantse. Amma yadda suke kallona ya yi mini daɗi, kallon da ban taɓa samu ba tun da nake auna yadi. Sai na ji bakina yana cewa, "Ina hwa, Mode. Ni wa? Allah dai shi ruhwa asiri."

Ɗan kasuwar Sakkwato ba ya amsa arzikinsa da baki. In ya sayi gida aka tambaye shi, wannan amsar yake bayarwa, yana murmushi yana kallon ƙasa, kowa kuma ya gane. Mai musun gaskiya rantsuwa yake yi da ƙarfi. Ni ban rantse ba, na yi murmushin, na kuma kalli ƙasan.

Kafin la'asar na zama Alhaji, ni da iyakacin tafiyata Kano. A masallaci aka fara matsa mini wuri a sahun gaba. A filin wasa aka kawo mini kujera mai hannu, na zauna ina kaɗa kai kamar na san abin da ke sa alƙalin wasa busa usur. Har shawara na ba mai tsaron gida, na ce ya rage tsalle.

Matata Sadiyatu ce kaɗai ba ta ruɗu ba. "Malam, mi ka hwaruwa? Mata sun cika min gida da barka."

"Ni ban ce ma kowa na saya ba."

"Ba ka ce ba ka saya ba kuma," ta ce, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Da abin ya tsaya a kaina, da yau labarin dariya ne kawai. Amma akwai Malam Markus, mai horar da 'yan wasan Guguwa, mutumin Kagoro, wanda ya ajiye aikin koyarwa saboda kulob ɗin. Abokina ne, duk Asabar a rumfata yake hira. Wani kamfani a Jos ya rubuto masa ya je ya horar da ƙungiyarsu, da gida da albashi mai kauri, suna son amsa kafin wata ya ƙare. Ni ya fara nuna wa takardar. Ba ya son barin 'yan wasan da ya sha wahala a kansu, amma ya san duk sabon mai kulob da nasa kocin yake zuwa. Wanda zai sayi Guguwa kawai yake jira ya sani.

Ya zo rumfata ana tsakiyar ciniki, ma'aikata uku na zaune suna ta ce mini Alhaji.

"Malam Sodangi, na ji wata magana," ya ce. "Ba zan tambaye ka ba, na san al'adarku. Amma in haka ne, ni zan zauna."

Na kalli Markus, na kalli mutanen nan uku. Wallahi na san abin da zai rasa, ba zan ce ban sani ba. "Koci, ina hwa," na ce. "Allah dai shi ruhwa asiri."

Shekararsa tara a Sakkwato, ya iya karanta mu. Ya yi dariya ya kama hannuna da hannu biyu. "Na gane," ya ce.

Na ƙudura gobe in je gidansa a Unguwar Rogo in warware masa, mu biyu kawai. Goben ta zo da gayyatar suna, inda maroƙi ya kira ni uban Guguwa har sau biyar, ina ƙirgawa. Jibi 'yan wasa suka zo gaishe ni. Kullum sai in ce ai wata bai ƙare ba.

A rana ta tara wata doguwar mota ta tsaya ƙofar Alhaji Yari. Ɗan kwangilar simintin nan ne ashe. Kafin azahar na koma Sodangi mai shadda, maƙwabtan rumfa na dariya har da riƙe ciki. Wannan na cancanta, bai ma dame ni sosai ba.

Bayan la'asar na tafi fili. Na tarar da Markus shi kaɗai yana zuba farar ƙasa a layi. Na faɗa masa komai, tun daga shaddar salla har goron Mode. Bai daina zuba farar ƙasar ba sai da na gama.

"Tun Laraba na aika wa mutanen Jos," ya ce. "Na ce na gode, na samu wuri a nan."

Washegari muka buga waya Jos, amsa ta dawo cewa sun ɗauki wani. Bayan mako biyu sabon mai kulob ya sauke kocinsa daga Gana. Markus ya nemi komawa koyarwa, bai samu gurbi ba sai a wata firamare a Wamakko.

Ranar da za su tashi na je taya su ɗaukar kaya. Matarsa Dorcas ta amsa gaisuwata ba ta dube ni ba. Ni da shi muka ɗaga katifa muka ɗora a mota, ina ta jiran ya zage ni ko na samu sauƙi. Ya ɗaure igiya, ya kakkaɓe hannunsa.

"Da ni kaɗai ka ja gefe ka gaya wa, Sodangi, ba wanda zai ji a bakina," ya ce. "Da na bar ka ka ci gaba da zama mai kulob ɗinka har ka gaji."