Soket ɗin Shagon Baba Almakashi

"Sake jona ta a wancan," in ji Baba Almakashi.

Direba ya zare filogin rediyon daga soket ɗin da ke ƙarƙashin madubi, ya ja gwiwoyinsa zuwa na bayan ƙofa, ya cusa. Shiru. Ƙwan da ke rataye a tsakiyar shagon yana ci tar, fankar sama tana juyawa, amma duk wani soket da ke jikin bango ya mutu murus tun shekaranjiya.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Tun Direba yana jan babbar mota har ya ajiye tuƙi, babu wanda ya taɓa masa kai sai wannan maƙwabcin nasa, wanda ya mayar da ɗakin gaban gidansa shagon aski. Sunan Almakashi kuwa mutane sun kasu a kansa: wasu su ce don sana'arsa ne, wasu su ce don bakinsa. Yanzu ga shi zaune a kan benci, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga, kilifarsa ta aski a kan cinya, ya riƙe ta kamar mai jinya. Da aka sallamo shi daga asibiti likita ya ce zuciyar ta gaji, kada ya ƙara doguwar tsayuwa. Washegari ya buɗe shago.

Sun riga sun kai rediyon da kilifar gidan Direba sun gwada, duka lafiya lau. Direba ya ce shi fa wayar mota ya sani, gara a kira mai gyaran wuta. Tsohon ya ce ya aika an kira, amma Auta ta tare ɗan saƙon a ƙofa ta ce a bari sai ƙarshen wata. Auta ce kaɗai ta rage masa a gida cikin 'ya'yansa, tana aiki a kantin magani, ita ke auna masa ƙwayoyi safe da yamma.

Direba ya kwance murfin soket ɗin da ke ƙarƙashin madubi, ya dangana testar gwada wuta a jikin wayar. Ko ƙyiftawa ba ta yi ba. Wayoyin a ɗaure suke tamau, babu baƙi, babu ƙaurin ƙuna. Ya buɗe na bayan ƙofa, haka nan. Ya zauna a ƙasa yana share zufa, ya ce a mota in hon da waifa suka mutu tare amma fitila na ci, ba a wahalar da kai, wurin fis ake zuwa. Ya tambayi inda akwatin wutar gidan yake.

A lungun da ke kaiwa madafa yake, can sama. Direba ya taka kujera ya ɗaga murfin. Makunnai ne a jere, duk suna kallon sama, sai guda ɗaya da aka danno ƙasa. An manne shi da farin filasta, irin wanda ake rufe ciwo da shi, an ninka shi tsaf.

Ya daɗe a tsaye a kan kujerar. Ya so ya mayar da murfin ya ce bai ga komai ba, don ya gane aikin Auta ne, ya san yarinyar tun tana rarrafe, ya kuma san abin da take tsoro. Sai ya ji numfashi a bayansa. Tsohon ya biyo shi yana dafa bango, ya ɗaga kai ya ga filastar.

"In ɗaga?" Direba ya tambaya.

"Bar shi. Hannun da ya saukar, shi zai ɗaga."

Ya koma shago ya jawo durowa, ya fito da almakashi da mataji da reza, ya sa Direba ya buɗe ƙofar gaba wangale. Kafin wani lokaci mai shayin bakin titi ya leƙo, ya ji an ce ana aski, ya zauna. Aikin da kilifa za ta gama nan da nan sai ya ja. Tsohon yana zagaya kujerar yana jan ƙafa, ya yanka kaɗan, ya dafa kafaɗar mutumin ya huta, ya ci gaba. Direba ya roƙe shi ya zauna. Tsohon ya ce masa in tausayi ne ya dame shi, ya je ya yi wa tsohuwar motarsa da kaji ke ƙwai a ciki.

A haka Auta ta dawo da yamma ta same shi, rigarsa sharkaf, leɓɓansa sun yi fari, yana kan mutum na uku. Ta jira har mutumin ya fita, sannan ta ajiye jakarta.

"Baba, so kake ka faɗi a kan wani?"

"Da kilifa ce da tuni na gama na kwanta. An ce wuta ta lalace."

Ta dubi Direba, ya sunkuyar da kai. Ba ta yi musu ba. Ta ce ita ce ta saukar da makunnin, kuma da za a sake, za ta sake. Ta ce ta ji abin da likita ya faɗa da kunnenta, shi kuwa a lokacin yana can yana gaya wa ma'aikacin jinya cewa an ɓata masa gefen gemu.

"Uwata," ya ce, sunan da yake kiranta tun tana ƙarama, "na kwanta a gadon asibiti na kalli silin har na haddace tsagar da ke jikinsa. Ba zan zo gidana in kalli wani silin ba. Zuciyar nan za ta tsaya, ni ma na ji shi. Ta same ni da abu a hannu."

"Ni kuma fa?"

Tsohon ya goge reza a tawul, ya sake gogewa. Can ya ce zai zauna. Ba zai daina ba, amma zai yi a zaune, kuma da rana ta take zai rufe.

Auta ta shige ciki. Suka ji an ja kujera a lungu. Rediyon da Direba ya manta a jone ya ɓarke da surutu har sai da suka zabura.

Direba ne ya rage ƙafafun kujerar askin da zarto don kan mutum ya sauko daidai hannun mai zaune, ya kuma samo wa tsohon kujera mai juyawa. Haka aka ci gaba 'yan makonni. Alƙawarin rufewa da rana dai ana cika shi ne kawai ranar da Auta take gida.

Wata safiya tsohon ya kira Direba ya ce kansa ya zama abin kunya ga unguwa, ya zo a rage. Yana yi yana tsiya, wai gashin da ya rage bai kai a kunna masa kilifa ba, ɓarnar wuta ce. Layin ƙeya ya fita sak. Ya ɗaga ƙaramin madubi ya nuna masa bayan, ya kashe kilifar, ya naɗe wayar a jikinta. Sannan ya ce a ba shi ruwa.

Da Direba ya dawo da kofin, ya same shi ya jingina da bango, haɓarsa a ƙirji, tawul a kafaɗa. Ya kira shi da sunan tsokana, ya kira shi da sunan girma. Sai ya ajiye kofin a kan benci a hankali, ya fita neman Auta.

Bayan an dawo daga binne Baba Almakashi, mutane suka cika tsakar gida. Direba ya kasa zama a cikinsu, ya shiga shagon ya tsaya. Auta ta shigo da tsintsiya, idanunta sun yi ja, amma ba ta fara shara ba. Ta zagayo bayansa.

"Kawu, tsaya haka."

Ta ɗauki burushin da ke gaban madubi, ta ɗaga wuyan rigarsa, ta shiga kakkaɓe masa guntayen furfurar da suka maƙale a ƙeya.