Gammon Ammu Shahata

"Kwance shi," in ji Ammu Shahata, wato Baffa Shahata, daga kan gado. "Ya Shehi, reshe na ce ka lanƙwasa, ba wuyan akuya ba."

Gidaɗo ya kwance, yana ta haɗa gumi duk da sanyin Disamba. Ɗalibin fiƙihu ne daga Gombe da ya zo karatu ƙasar Larabawa, kuma da farko magani kawai yake sayo wa wannan maƙwabcin nasa Kirista, wanda ƙofarsa ke kallon tasu a wani tsohon bene a unguwar Abbasiya. Tsautsayi ne ya shigo da shi ranar da aka kawo rassan sarwu daga gonarsu Ammu da ke Ƙanaɗir, itacen da ganyensa kore ne shar rani da damina. Tun zamanin kakan Ammu, sana'ar gidan ita ce ɗaure rassan nan su zama zobe, a kai unguwar Dokki, baƙin ƙasashe su saya su rataya a ƙofa lokacin Kirsimeti. 'Ya'yansa na can gona suna ta aikin, amma na ƙofar gidansa Ammu bai taɓa yarda ya fito daga can ba, da hannunsa yake ɗaurewa. Bana kuwa shanyewar jiki ta cinye masa hannu.

Shi Gidaɗo, abin bai yi masa kama da komai ba sai ƙaton gammo. Damuwarsa ɗaya ce, kada Ya'ƙub ya sani. Abokin ɗakinsa ne, mutumin da ko tsawon wandonka sai ya nemi dalilinsa a littafi. Kullum sai Gidaɗo ya goge hannu da lemon tsami kafin ya koma ɗaki, duk da haka Ya'ƙub ya tambaye shi ko ya sauya turare ne.

Da aka gama, zoben ya fito kamar ƙwai, gefe guda ya yi tumbi. Ammu ya daɗe yana kallonsa, ya ce da kakansa zai gani da ya sake mutuwa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce a rataya, khalas, shi ke nan. Bai kai ƙarshen makon ba, ya cika da hantsi, matarsa na riƙe da kofin shayin da ya roƙa.

Mutuwar ta daki Gidaɗo fiye da yadda ya zata. Bayan jana'iza ya ja Ya'ƙub suka shiga ta'aziyya, domin haƙƙin maƙwabci ko Ya'ƙub bai da ja a kansa. Falon cike yake da dangin gona, masu hannu kaca-kaca da tabon ƙaya, kowa ya san sana'ar. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya a ƙofa, ya dubi zoben, ya girgiza kai. Wani tsoho ya ce a hankali ashe ciwon ya taɓa har kan Shahata. Milad, babban ɗan mamacin, ya tashi ya ciro abin daga ƙusa, kunya ta rufe shi, yana neman inda zai tura shi a bayan kujera.

Gidaɗo ya dubi Ya'ƙub, ya dubi zoben. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zagin karkataccen ɗauri, yau za a tafi da labarin cewa wannan ƙwan ne aikinsa na ƙarshe.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Ustaz Milad," ya ce. "Ba hannun Ammu ba ne. Ni na ɗaura. Shi zagi kawai ya sa."

Matar Ammu ce ta fara dariya cikin baƙin mayafinta, har ta koma kuka, sauran suka biyo ta. Ya'ƙub ya sunkuyo ya raɗa wa Gidaɗo da Hausa, "Akhi, za mu yi magana." Sannan ya ƙara da cewa kuma wallahi aikin bai yi kyau ba.

Milad ya zauna ya ɗora zoben a gwiwa. Ya bi ɗaurin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ya zo inda uku suka yi daidai a jere, irin na gidansu sak. Nan ya tsaya, babban yatsansa na shafa wurin.