Ranar da Labari Ya Wuce Kaka Rediyo

Ai sau biyu aka miƙa yarinyar nan ga Ubangiji a rana ɗaya, kuma na biyun ya fi daɗi, ina wurin da nawa goyon. Tsaya ki ji. Amarya tana tsakar gidan surukarta, ludayi a hannu, tana zuba wa baƙi abinci, sai ga Baba Mai Shara na cocinmu ya jingine kekensa a jikin garu, gumi har cikin ido.

Ya ce, "Amarya, Kaka Rediyo tana coci. Ta ce in gaya miki kun makara."

"Wane coci, Baba? Ai tun ƙarfe takwas aka tashi."

"Na so in gaya mata. Bakina ya ƙi."

Ludayin ya tsaya a iska. Nan take Amarya ta gane abin da suka yi.

Ke da kika daɗe da barin unguwar nan, bari in tuna miki. Kaka Rediyo ita ce tsohuwar da garunta ke haɗe da na su Amarya. Duk abin da aka sanar a coci, ita ke raba shi gida-gida da ƙafarta: wanda ya haihu, wanda ke kwance, ranar da zumuntar mata za su wanke benci. Waya ta zo ta cika gari, ita ba ta fasa ba. Ta ce waya ba ta iya duba fuskar mutum ta ga ko ya ci abinci. Yara ne suka sa mata sunan, ta karɓa, har in an kira ta da na gaskiya ba ta juyowa.

Aikinta na biyu, duk jaririn da za a miƙa a cocinmu ita ke ɗaukarsa daga bakin ƙofa zuwa gaban bagade. Ba a rubuce yake ba, haka kawai muka taso muka tarar. Ta ɗauke ni, ta ɗauke ki, ta ɗauki Mai Walda mijin Amarya, kullum sai ta ce ya jiƙa mata zane. Ita kuwa Amarya shekara bakwai da aure ana ce mata Amarya, don babu sunan ɗan da za a kira ta da shi. Duk shekarun nan Kaka takan leƙo ta kan garu ta ce, "Hannuna na jiran naki, ba inda zan je." To, a bazarar nan ta haifi mace, ubanta ya sa mata 'Yar Zafi.

Zafin bana kuwa ba a magana. Rufin cocin kwano ne, ƙarfe goma ya riga ya fara ƙara kamar ana jifansa da tsakuwa. Fankoki huɗu ne, biyu ke juyawa, su ma in akwai wuta. Mawaƙa suna waƙa suna fifita da littafin waƙar. Ranar da wata ta zube a tsakiyar wa'azi, dattawa suka zauna, Fasto ya sanar cewa daga Lahadi mai zuwa sujada ta bar ƙarfe goma ta koma shida na safe, har ruwa ya sauka. Lahadi mai zuwan ita ce ta miƙa 'Yar Zafi.

Ranar da aka yi sanarwar, Kaka ba ta zo ba, ƙafarta ta kumbura. Mutane sun yi ta zuwa gaishe ta duk satin, ɗakin ba ya rabuwa da takalma a ƙofa. Amma wa zai buɗe baki ya ba Rediyo labari? Kowa ya ɗauka tun kafin Fasto ya sauko daga mumbari ta ji. Amarya kanta kullum sai ta shiga ta gasa mata ƙafar da ruwan ɗumi. Kaka ta ce, "Lahadi ko da rarrafe zan zo." Amarya ta ce, "Allah ya kai mu." Lahadi suka yi ta faɗa, ba wanda ya ambaci ƙarfe nawa.

Da asubar ranar suka fito, ƙofar Kaka a rufe. Amarya ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, Mai Walda ya ce, "Ke ma dai. Yaushe aka taɓa riga Kaka zuwa coci? Tana can ta gama yi wa Baba Mai Shara faɗa." Suka je, bencinta ba kowa. Aka ce ƙafar ce, a bar baiwar Allah ta huta. Mama Fasto ta ɗauki yarinyar, aka yi addu'a, aka tafa. Amarya tana murmushi don mutane kawai.

Shi ne yanzu ta ajiye ludayin, ta saɓa 'Yar Zafi a baya, ta fita ko sallama babu. Na bi ta.

Cocin fayau, ƙofofi a buɗe, iskar da ke shiga kamar daga bakin murhu. Kaka na zaune a bencinta na kusa da ƙofa cikin farar rigar zumunta, ta sha guga har tana ƙyalli. Ta cire takalmi ɗaya, ƙafar ta yi suntum. Tana ganin Amarya ta ɗaga yatsa.

"Tun da nake ban taɓa ganin ikkilisiya guda ta makara ba. Har Fasto. Ina mijin naki?"

Amarya ta durƙusa a gabanta kan simintin mai zafi. Da ta iya ƙarya da ta yi.

"Kaka, an canja lokaci. Ƙarfe shida aka yi. An riga an miƙa ta."

"Wa ya canja?"

"Dattawa. Tun Lahadin da ta wuce."

"Kuma kowa ya sani."

"Kowa, Kaka. Mun ɗauka ke ma..."

Tsohuwar ta bi layin bencin da ba kowa da kallo. Kwanon rufin yana ta ƙas-ƙas a samanmu. Can ta ce, "Wa ya ɗauke ta?"

"Mama Fasto."

"Ta tallafe mata wuya? Matar nan kamar kabewa take ɗaukar yaro." Ta sunkuya tana laluben takalminta. "To, an yi, an gama. Miƙo mini sandata."

Amarya ba ta miƙa ba. Ta kwance goyon ta ɗora mata a cinya, ta ce da ni in tsaya da su, ta zaga bayan coci gidan Fasto. Ita ta ba ni sauran. Ta tarar da shi da singileti, ƙafafu cikin bahon ruwa, yana fifita da kwali. Ya saurare ta har ƙarshe, ya sosa kai.

"'Yata, ba a miƙa yaro sau biyu. Ubangiji ya karɓa tun da safe, ba mai mantuwa ba ne."

Daga kicin Mama Fasto ta ce, "Shi bai manta ba, mu ne muka manta. Tashi ka saka riga."

Ƙarfe goma sha biyu saura kaɗan Baba Mai Shara ya kaɗa ƙararrawa. Mutane suka fito a firgice, an ɗauka gobara ce. Tela ya zo da bokiti. Wata ta zo da kumfar wanki a hannu. Mai Walda ya iso da baƙinsa duka, wasu da cokali. Da aka ji dalili ba wanda ya koma, kowa ya sunkuyar da kai ya nemi benci.

Kaka ta miƙe ba takalmi, Amarya na riƙe da gwiwar hannunta. Kin tuna yadda take yi? Ba ta tafiya shiru, gabatar da jariri take ga jama'a, benci-benci, da muryar da wai raɗa ce amma har bagade ana ji.

"Kin ga wannan? Tela ne. In ya ce miki jibi, ki koma wata mai zuwa. Waccan shugabar mawaƙa ce, muryarta ta fi girkinta. Wannan kakarki ce ta wajen uba, ki yi haƙuri da ita, mu ma mun yi. Wancan mai ƙaton kan ubanki ne. Duk waɗannan da kike gani, yau sun ci amanar tsohuwa, amma naki ne, ba ki da wasu."

Ana dariya ana share ido. Taku ashirin ne daga ƙofa zuwa gaba, ta yi su a kusan minti goma, sau biyu tana tsayawa ta huta. 'Yar Zafi ta damƙe mata bakin ɗankwali. Fasto ya karɓe ta, silifas ɗin wanka a ƙafarsa, ya ce, "Uba, ga ta kuma. Ka san dalili." Muka ce amin da ƙarfi.

A motar Mai Walda aka mayar da Kaka gida, ba ta sake fitowa ba. 'Yarta mai aikin jinya ta zo ranar Litinin, ta ce zuciyar ta daɗe da gajiya. Amma Amarya ta kasa cin abinci, tana ganin tafiyar nan cikin rana ce ta jawo. Ta faɗa wa Kaka haka tana kuka.

Kaka ta ce, "Shekara tamanin ina yawo a rana ba ta ci ni ba, sai ranar 'yarki? Kada ki ɗauki girman da ba naki ba. Fifita ni ta nan."

Ranar Alhamis wajen ƙarfe huɗu na yamma, an shimfiɗa mata tabarma kusa da ƙofa don iska. An jiƙa zane an rataya a taga. Amarya na gefenta da mafici, yarinyar na barci a tsakaninsu. Kaka ta buɗe ido.

"Me ake ciki a gari?"

Amarya ta rasa ta ina za ta fara, ba a taɓa tambayarta ba. Ta ce an gyara famfon bakin titi. Ta ce akuyar Baba Mai Shara ta haifi uku. Ta ce Tela ya kawo rigar 'Yar Zafi jiya, wadda za a sa mata ranar Lahadin da ta wuce. Kaka ta yi 'yar dariya ta hanci. Amarya ta ci gaba, ta ce an ga hadari ta gabas amma ya watse, ta ce shugabar mawaƙa za ta aurar da ƙanwarta. Tana cikin lissafa waɗanda za su yi girki ta lura hannun da ke kan ƙafar jaririyar ya daina shafawa. Ta ƙarasa sunayen duka kafin ta kira 'yar Kaka.

Yau Amarya ce ta zaga unguwa da goyo a baya, ƙofa-ƙofa, har ƙafarta ta yi bororo. Ba ta san gidan da ke da kare ba, ba ta san wanda sai an zaga ta baya ake jin sallama ba. Jana'izar Kaka gobe Asabar, ƙarfe shida na safe, a coci. Shida, ba goma ba.

Gida ɗaya ne ba ta kai ba, kuma ta wajenku yake. Bayan gada akwai wani dattijo da idonsa ya tafi, da can shi ke kaɗa mana ganga. Da yamma Kaka takan je ta zauna da shi ta ba shi labarin gari. Don Allah ki bi da ƙafarki ki gaya masa, kada ki ce ya ji. Mai kai masa ruwa ta ce yau ma da yamma ya fito da kujera biyu ƙarƙashin inuwa, ya zauna a ɗaya.