Gudun Safe da Adda Hilda

Sai da Safiyyatu ta kai ƙaramar gadar ƙarfe sannan ta lura babu ƙarar takalmi a bayanta. Ta juya tana haki, hijabinta ya manne mata a wuya. Can baya, a gefen babbar kwatar siminti da aka gina don tare zaizayar ƙasa, ta hango maƙwabciyarta Hilda a durƙushe, hannu ɗaya a ƙasa, ɗayan dafe da haƙarƙarinta na dama.

"Adda, lafiya?"

"Ci gaba, ina zuwa."

Safiyyatu ta koma da sauri. Hilda ta yi amai a cikin ciyawa, da ta ɗago kai kuwa, hasken safiya ya nuna farin idonta ya koma rawaya.

Shekara biyu ke nan suna wannan gudun. Hilda tsohuwar nas ce, 'yar Billiri, mijinta ya daɗe da rasuwa, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a unguwar Malam Inna. Ranar da likita ya ce Safiyyatu tana da ciwon suga, Hilda ce ta shigo da takalmin gudu a leda, ta ce wa maigidan, "Malam Jaji, ko ka bar ta ta riƙa bi na, ko ka fara koyon yin allura." Tun daga nan kullum bayan sallar asuba sai su zagaya filin shaƙatawar unguwa sau uku a ƙarƙashin itatuwan maina, su bi siririyar hanyar bakin kwata har gada. Masu acaɓa sun yi musu dariya har sun gaji. Sugan ya sauka, amma jikin Safiyyatu yana nan yadda yake. Hilda ce ta yi ta zubewa a 'yan watannin nan, Safiyyatu tana zolayarta: "Ke gudun ya karɓa, Adda. Kin koma budurwa."

Suka zauna a kan bakin simintin. Ruwa kaɗan ne a ƙasan kwatar, baƙi, yana jan ledoji.

"Ciwon daji ne, a hanta," in ji Hilda. "Tun azuminku na sani."

"Likita ya ce me?"

"Shekara talatin ina tsaye kusa da likitoci suna gaya wa mutane irin wannan. Fuskarsa kawai na kalla."

Safiyyatu ta tuna duk yabon da ta yi wa ramar nan.

"Jacinta ta sani?"

"Dalilin da ya sa nake gaya miki ke nan. Kada ta ji."

Jacinta ita kaɗai ce 'yar Hilda. Tana aure a Jos da cikin wata shida, bayan ɓari uku, an hana ta ko ɗaukar bokiti.

"In ta ji, mota za ta shiga," Hilda ta ce. "Kin san hanyar. Ba zan ɗauki jikana in tafi da shi ba. Ki yi min alkawari."

"Adda, uwa ce fa."

"Ita ma uwar take so ta zama."

Safiyyatu ta yi alkawarin.

Gudun ya koma tafiya. Bayan sati uku tafiyar ma ta tsaya a filin shaƙatawa, inda Hilda ke zama a benci cikin rigar sanyi, da agogo a hannu. Duk sanda Safiyyatu ta wuce ta gabanta sai ta ce, "Ɗaga ƙafa, Hajiya, ba kasuwa za ki ba." Daga baya bencin ma ya gagara. Matar Isaiah, ƙanin Hilda, ta zo daga Billiri ta zauna da ita, aka ja mata kunne ita ma. Safiyyatu na dama kunun gyaɗa ta kai, Hilda ta sha cokali biyu ta kau da kai.

Wata ranar Laraba da hantsi wayar Safiyyatu ta yi ƙara tana tsinke zogale. Jacinta ce.

"Goggo, me ya sa Mama ba ta ɗaga kiran bidiyo? Muryarta ma wata iri."

"Kyamarar wayarta ce ta lalace. Mura take yi. Yanzu ma muka dawo daga gudu."

"Ku dai ba kwa gajiya," Jacinta ta ce tana dariya.

Malam Jaji yana zaune a kan tabarma, ya ji komai. Da ta ajiye wayar ya ce, "Safiyyatu, yarinyar nan ba za ta yafe miki ba."

"Na sani."

"To?"

Ta yafa mayafi ta shiga gidan Hilda da niyyar warware alkawarin. Ta same ta kwance ta fuskanci bango, cikinta ya kumbura, hannayenta kamar sillen kara. Kafin ta buɗe baki Hilda ta ce, "Saura sati huɗu. Na ƙirga. Zan yi ƙoƙari in kai." Safiyyatu ta zauna a bakin gadon, ta yi ta matsa mata ƙafa.

Hilda ba ta kai ba. Ranar Talata an wayi gari da ruwan sama, da ya ɗauke Safiyyatu ta leƙa ta da takalmin gida a ƙafa. Hilda ta kalli ƙafar.

"Kwana nawa rabonki da fita?"

"Shida."

"Je ki. Ki dawo ki gaya min ko kwata ta cika."

"Bari in zauna da ke."

"Zamanki ba magani ba ne. Je ki."

Ta tafi. Filin shaƙatawa babu kowa, ƙasa ta yi laushi, ganyen maina na ɗiga mata ruwa a ka. Ta yi zagaye uku, ta bi bakin kwata. Ruwa ja ya kusa kai baki, yana gudu da ƙarfi, ɗauke da rassa da wata tsohuwar katifa. Ta tsaya a gada ta kalle shi sosai don ta sami abin faɗa. A hanyar dawowa, tun daga kwanar layinsu ta jiyo muryoyin matan zumunta na coci suna waƙa a hankali da yaren Tangale. Ta rage gudu, sannan ta tsaya cak a tsakiyar taɓo.

Isaiah ya yanke cewa a ajiye gawar a asibiti har Jacinta ta sauka. Mijinta kaɗai aka gaya wa, ita kuwa aka ce mata wayar uwar ce ta lalace gaba ɗaya. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta haifi mace, lafiyayya, sai da ta yi kwana uku sannan mijin ya faɗa mata.

Aka yi jana'iza a Billiri. Washegari Jacinta ta zo Malam Inna kwashe kaya. Safiyyatu ta same ta a falon uwar, akwatuna a buɗe, jaririya a kafaɗa.

"Sannu da haƙuri, Jacinta."

"Goggo, tun yaushe kika sani?"

"Wata uku."

"Ranar da kika ce min mura ce?"

"Tana kwance. Ba ta iya tashi."

Jacinta ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba. "Kullum sai mun yi waya. Ranar Litinin ɗin nan na katse ta, na ce barci nake ji, sai gobe."

"Ita ta roƙe ni. Saboda wannan." Safiyyatu ta miƙa hannu wajen jaririyar.

Jacinta ta kalli hannun, ta mayar da 'yar ɗaya kafaɗar, ta ci gaba da ninke zannuwa da hannu ɗaya.

Da la'asar motarsu ta tashi. Jacinta ta kulle ƙofar gidan, ta ba Malam Jaji mukulli, ta durƙusa ta yi masa sallama. Safiyyatu tana tsaye a zaure har motar ta sha kwana.

Gab da magariba ta fito zubar da ruwan wanke-wanke. Kajin Hilda guda huɗu, da babu wanda ya tuna da su, sun dawo daga kiwo. Suna tsaye a jikin ƙofar da aka kulle, ɗaya tana tsattsagar ƙasan ƙyauren.