Famfon da ke Jiran Darakta

Tsohuwar ta zauna a kan akwatinsa, ta miƙe ƙafafu, ta ce ba inda za ta.

Mushe Nata'ala, kamar yadda ake kiran malamin boko a Maraɗi, ya tsaya da dutsen guga a hannu yana kallonta. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a Maraɗi, ya ga masu taurin kai iri-iri, amma bai taɓa gamuwa da irin Inno ba. Tun asuba ta hau motar gawayi daga ƙauyensu, ta sauka a kasuwar Kilomita Biyar, ta yi ta cigiyar "malamin famfo" da yaren Sango da Fillanci har aka kawo ta unguwar Kokoro, gidan ƙanwarsa Rahamatu.

"Inno, gobe da la'asar jirgina zai tashi."

"Allah ya kiyaye hanya. Ba ni makullin."

Wata uku ya yi a ƙauyen nasu yana aikin sa-kai a ƙarƙashin wata ƙungiyar agaji. Don lada ya je, ko da yake bai ƙi Maraɗi ta ji labari ba. Ya ci gozon rogo har ya daina tambayar tuwo, sauron garin kuwa sun san shi fiye da maigari. An haƙa rijiya, an kafa famfo, an shafe shi da shuɗin fenti, ruwa ya fito garau. Sai ofis ya aiko da sarƙa da kwaɗo: kada kowa ya taɓa sai darakta ya zo daga Turai ya fara tuƙawa da hannunsa a gaban mai hoto. Sau uku ana ɗage ranar. Mako shida ke nan mata na wuce famfon da bokitai a ka, su nufi rafin da shanu ke shiga.

Makullin yana aljihunsa. Gobe da safe zai miƙa shi a ofis, a ba shi takardar yabo mai hatimi. Har ya zaɓi bangon da zai rataye ta.

"Ƙa'ida ce, Inno."

"Jikata Mas'uda kwana huɗu tana gudawa. Ita ma ƙa'ida ce?"

Rahamatu ta leƙo daga madafa. "Yaya, ba kai ka ce ka koya musu wanke hannu da ruwa mai tsabta ba? Da wane ruwan?"

"Na bar musu hoton yadda ake yi," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"To ku fasa kwaɗon mana, Inno!" in ji Rahamatu. "Dutse ɗaya ya isa."

"Mu fasa a ce mu ɓarayi ne? An yi mana alkawarin ɗakin shan magani, 'yar nan. Garin da ya fasa kwaɗo ba ya ganin alkawari na biyu."

Nata'ala ya laluba zuciyarsa yana neman jarumin da zai ciro makullin ya ce takarda ta tafi can. Ya laluba sosai. Abin da ya samu wani dattijo ne mai son hatimi.

Rahamatu ta goge hannu a zane. "Kai, Yaya, boko ya cinye ka. Nan Kilomita Biyar ne. Akwai abin da ba a yi masa ɗan'uwa?"

* * *

Dabo mai yankan makulli yana zaune a bakin hanyar Yakite, tsakanin mai gyaran waya da mai tsire. Ya juya makullin, ya dubi babbar rigar Nata'ala, ya dubi tsohuwar da ke riƙe da gefenta kada ya gudu.

"Alhaji, na ɗakin uwargida ne ko na shagon maƙwabci?"

"Na aikin Allah ne."

"Duk haka suke cewa."

Kafin mai tsire ya juya namansa an gama. Inno ta ƙulle sabon makullin a bakin zanenta, ƙulli uku.

"Amma in suka ga alamar an taɓa..." Nata'ala ya fara.

"Mun riga mun shirya, Malam. Za mu naɗe hannun famfon da tsumma kada tafinmu ya cinye fentin darakta. Mu rufe damshin ƙasa da yashi. Mace ɗaya ta tsaya bakin hanya, in ta ji mota mu mayar da sarƙa, mu ɗauki bokitai mu yi rafi kamar mutanen kirki."

Ta ce masa singila, godiyar Sango, ta shige cikin kasuwa ba ta waiwayo ba.

* * *

A ofis akwai sanyin na'ura da hotunan yara suna dariya a ƙarƙashin ruwa. Sakatariya, Madam Sharifa, ta miƙa masa takardarsa. Hatimin ya fi yadda ya zata kyau, har ya ji kunyar yadda ya ji daɗi.

"Yaushe darakta zai zo?"

"Bayan damina, wataƙila. Hanya ba ta da kyau ga hoto."

Ta karɓi makullin, ta ɗaura masa guntun kwali mai sunan ƙauyen, ta jawo wani gwangwanin madara daga aljihun tebur ta jefa shi. Bai yi ƙarar faɗawa a gwangwanin wofi ba.

Nata'ala ya miƙa wuya. Makullai ne cunkus, kowanne da kwalinsa da sunan garinsa. Na ƙasan sun fara tsatsa.

Madam Sharifa ta mayar da murfin, ta tambaye shi ko yana son ruwan sanyi kafin ya tafi.